Gidajen ma'aikata a Maraɗi: wa za a gina ma, kuma da wane kuɗi?

Malam Laouali: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mani tuwo a ƙwarya, ita ce maganar gidan ma'aikaci. Duk gwamnatin da ta zo sai mun ji an ce za a gina gidaje masu sauƙin kuɗi, an buɗe bankin gidaje BHN tun ƙarshen 2018, SONUCI kuma, wato kamfanin gwamnati na filaye da gidaje, tun muna yara muke jin sunanta, amma tsakaninku da Allah cikin malaman lakwal da ma'aikatan likita da kunka sani nan Maraɗi nawa ne ke kwana gidan kansu? Mafi yawanmu haya muke, wata ya ƙare mai gida na bakin ƙofa. Ni ra'ayina in dai gwamnati za ta sa kuɗi a wannan harka to ta bar maganar gina bila-bila, ta yanka filaye ta kai ruwa da wuta da hanya da magudana, ta ba mutum da takardarshi ya riƙa biya kaɗan kaɗan, shi kuma ya gina daidai ƙarfinshi. Mi kunka gani?

Hadiza ta likita: Wa alaikumus salam Malam. Wallahi ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Amma ni ban yarda da maganar fili kaɗai ba. Ka ba ni fili yau, da mi zan gina? albashin da kafin ashirin ga wata ya ƙare, ga hatsi ga kuɗin lakwal ɗin yara ga 'yan uwa na ƙauye da in an kawo mara lafiya birni gidanka za a sauka. Ni na fi son a gina ko ɗaki biyu da falo ne a ba ni makulli, kuɗin da nike ba mai gida duk wata a riƙa cire shi daga albashi har in gama biya.

Souley kontabul: Hajiya Hadiza bari mu yi lissafi a fili don kada mu riƙa magana a iska. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jikka 30 da 'yan kai ne tun 2012, sai farkon 2024 anka maida shi jikka 42. Banki kuma bisa al'ada ba ya yarda ya cire ma mutum fiye da kashi ɗaya cikin uku na albashinshi. Kashi ɗaya cikin uku na jikka 42 shi ne jikka 14. In mutum ya yi shekara 20 yana biya, wata 240 ke nan, abin da zai tara miliyan 3 da jikka 360, kuma ban sa kuɗin ruwa ba ban sa inshora ba. To ki nuna mani ɗan kwangilar da zai ba ki fili da ginin bulo da silin da kewaye a wannan kuɗi. Babu shi. Shi ya sa gidajen da ake kira na masu ƙaramin ƙarfi a ƙarshe darakta da babban ɗan kasuwa ke shigarsu, ba mugunta ce kaɗai ba, lissafin ne ba ya kai wa ga ƙaramin ma'aikaci tun daga tushe.

Hadiza ta likita: To ai shi ya sa ake ce ma abin tallafi Malam Souley. In da lissafin na fita da kanshi mi ya kawo gwamnati ciki? ta cika gibin mana.

Souley kontabul: Gaskiyarki, amma gibin nawa ne kuma na mutum nawa? A ce an ware miliyan dubu, a ce kuma kowane gida miliyan 10 zai ci, gida ɗari ke nan. Gida ɗari a garin da ke da dubban ma'aikata. Wa zai samu? kin san amsa. Amma wannan kuɗin in anka zuba shi ga jan ruwa da buɗe hanya da magudana a sabuwar unguwa, gidaje masu yawan gaske za su amfana. Nan ne na bi bayan Malam Laouali.

Baba Mamane mai ritaya: Ɗiyana ku yi haƙuri in sa baki, don wagga hanya ta fili mun bi ta da ƙafarmu. Lokacin da bashin albashi ya taru ma gwamnati, zamanin marigayi Tandja anka ce a ba ma'aikata filaye madadin kuɗinsu. Mun yi murna, amma mi ya faru? da yawa cikinmu takarda kawai munka riƙe, wajen daji ne ba ruwa ba hanya, ga yunwa cikin gida, sai 'yan kamasho sunka riƙa bin mutane har gida suna saye da araha. Yau in ka je waɗannan wurare sun zama gari, amma masu gidajen ba mu ba ne. Saboda haka Laouali maganarka na da kyau amma sai an ɗaure ta. Fili ba ruwa ba komi ba ne ga talaka, kuma in ba a hana sayarwa ba na wasu shekaru to aikin banza za a yi, masu kuɗi za a tara ma.

Malam Laouali: Allah shi ƙara girma Baba, ai shi ya sa na ce da ruwa da wuta da hanya, ba fili tsura ba. Maganar hana sayarwa kuma na karɓa hannu biyu, a rubuta cikin takardar cewa ba saye ba sayarwa sai an gama biya kuma an zauna ciki.

Baba Mamane mai ritaya: Kuma a kai ruwan KAFIN a raba. In anka ce a raba tukuna ruwa na nan tafe, to ku sa ranar jiran shi.

Harouna kabu-kabu: Ni dai ina karanta ku tun ɗazu kuma duk maganarku ma'aikaci ma'aikaci, wai shin mu ba aiki muke ba? Ni daga asuba nike kan babur har dare, mai ɗinki na aiki, mai walda na aiki, masu dako a babbar kasuwa da tasha su wa ya kai su wahala? amma da an ce gidan ma'aikata sai a ce kawo takardar albashi kawo lambar matirkil. Garin nan fa kasuwa ta riƙe shi ba biro ba, kowa ya san haka. Kuma patanti muna biya, kuɗin meri muna biya, man da muke sha akwai haraji ciki. In kuɗin gwamnati ne to namu ne mu duka, kada a yi rabo a bar mu waje.

Souley kontabul: Harouna ba wanda ya ce ba ku aiki. Matsalar banki ita ce ta ina zai kama kuɗinshi, mai albashi tun daga sama ake cirewa, kai kuwa yau ka samu gobe babur ya lalace.

Harouna kabu-kabu: Yaya Souley baburan da muke hawa fa da yawa na bashi ne, kullum ko duk sati muke kai ma mai shi har mu gama biya ya zama namu, kuma ana gamawa. Wanda ya iya biyan babur ba takardar albashi mi zai hana shi biyan fili? a dai tsara mana biyan daidai yadda samunmu yake, ba sai ƙarshen wata ba.

Maman Nafissa: Harouna ya yi gaskiya kuma ku maza kun manta da abin da ke gabanku. Mata Masu Dubara a jihar nan ta Maraɗi anka fara ta a 1991, mata na zuba dala-dala duk sati cikin asusu suna ranta ma junansu, yau tsarin ya bazu ƙasashe da yawa ana koyi da mu. Ba takardar albashi ba jingina, amana ce da idon juna, wadda ba ta biya ba ta san da wa za ta haɗu gobe a wajen biki. To mi zai hana a yi irin haka ga gida? ƙungiyar 'yan kabu-kabu, ta maɗinka, ta mata masu ƙuli-ƙuli da mai, kowace ta tsaya ma mutanenta, gwamnati ta ba ƙungiya filaye a dunƙule ita kuma ta riƙa tattara kuɗin. Kuma don Allah in za a rubuta sunaye a tuna da zawarawa da matan da mazansu sunka rasu sunka bar masu ɗiya, su ne masu gidan haya ke fara kora, wani ma ba ya ba mace haya in ba ta zo da namiji ba.

Hadiza ta likita: Wannan gaskiya ne Yaya, akwai abokiyar aikina da ta sha wannan wulaƙancin, da albashinta da komi amma sai da ta kawo ƙanenta ya tsaya mata.

Abdou na Katsina: Salam 'yan uwa, ni ɗan Maraɗi ne amma zama ya kai ni Katsina, bari in ba ku na wancan gefe. A Najeriya gwamnan jiha zaɓarshi ake, yana da kasafin kuɗinshi da majalisarshi, shi ya sa za ka ji jiha kaza ta gina gida kaza. Gwamna Jakande ya yi a Legas tsakanin 1979 da 1983 kuma har yau ana yaba mashi don talakawa sun shiga da gaske, Shagari ma ya yi nashi na tarayya, garuruwa da yawa na arewa akwai unguwar da ake ce ma Shagari lokos har gobe. Amma ku dubi Kano, an gina unguwannin Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, gidaje masu kyau ba laifi, sai dai ba kuɗin malamin firamare ba ne. Akwai kuma asusun gidaje na ƙasa tun 1992 da ake cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, ka tambayi ma'aikata nan da yawa za su ce maka an yi ta cirewa amma samun rancen sai mai haƙuri da takardu. Don haka kada ku ɗauka da an ce jiha ta sa kuɗi magana ta ƙare.

Malam Laouali: Madalla Abdou. Kuma ka ga bambancin, mu nan gwamnan jiha naɗa shi ake daga Yamai, ba shi da wata taska irin ta gwamnan Katsina. Majalisun jiha da na gari ma an rushe su a Afrilun 2024, wakilan da anka naɗa ke riƙe da meri yanzu. Ke nan babban kuɗi na Yamai, abin da ke hannun gari shi ne ƙasa, wato lotisma, yankan filaye. Shi ya sa nike ta nanata fili, shi ne abin da za a iya yi nan ba sai an jira wani babban shiri ba.

Ibro: Amma lokacin Maraɗi Kwalliya a 2015 ai kuɗi sun shigo garin nan, an yi godoro an gyara wurare, da an so da an yi ma ma'aikata wani abu a lokacin

Souley kontabul: Wancan kuɗin biki ne Ibro, na ranar Jamhuriya ta 18 ga Disamba, ana gaggawar a gama kafin baƙi su zo. Hanyoyin sun yi amfani ba musu, amma gidan ma'aikaci ba aikin wata shida ba ne, abu ne da ake sa ma layi cikin kasafi duk shekara ko ba biki.

Usta Chaibou magini: Ku ba magini wuri ya yi magana tunda mu ke cikin laka. Abu na farko, wanda duk ya ga abin da ruwan ƙarshen Agusta na 2024 ya yi a garin nan ba zai ƙara raina magudana ba, cikin ɗan lokaci ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, gidaje sunka faɗi anka rasa rayuka, Allah shi jiƙansu. Kuma ba yau farau ba, tsohon garin Maraɗi cikin fadamar gulbi yake, ambaliyar 1945 ce ta sa anka hau tudu. Gidajen da na gani sun zube mafi yawa ba laifin ƙasar ginin ba ne, tushe ne babu, an ɗora tubali bisa rairayi a kan hanyar ruwa, ba indararo na kirki ba yaɓe. Abu na biyu, mun sa ma ranmu cewa in ba bulo da kwano ba to ba gida ba ne, alhali ɗakin kwano a watan Afrilu ba mai iya kwana cikinshi sai dai a fito tsakar gida. Akwai ginin da ba itace, wanda ake rufe ɗaki da tubali kaɗai a yi mashi ƙubba, tun wajen 1980 ake koyar da shi a ƙasar nan kuma akwai maginan da sunka iya. Ba azara ba kwano, ga sanyi. In anka yi tushe da dutse da siminti ya ɗago sama da ƙasa sosai, anka yi yaɓe mai kyau, gidan zai daɗe, kuɗinshi kuma bai kai na bulo ba. Ni da za a ji tawa, tallafin gwamnati ya tafi ga tushe da salanga da magudana, sauran a bar mu da masu gida.

Hadiza ta likita: Usta ka yi haƙuri amma ni ba zan ci bashin shekara 15 don gidan ƙasa ba. Duk damina mutum na kwana da fargaba, kuma duk shekara sai an sake yaɓe.

Usta Chaibou magini: Hajiya ba a tilasta ma kowa, mai son bulo ya yi bulo. Siminti ma an rage kuɗinshi a Oktoban 2024 bayan ambaliya, tan ɗaya ya dawo jikka 55 a Yamai mu nan ya ɗan ɗara haka, ga na Malbaza muna samu. Sai dai siminti ba shi kaɗai ba ne gini, akwai ƙarfe akwai kwano akwai ƙofa da taga akwai tsakuwa da kuɗin mota, kuma yawancinsu daga waje suke zuwa, tunda anka shiga rikicin iyakoki a 2023 kowa ya ga yadda kaya sunka yi. Abin da nike gudu shi ne mutum ya fara bulo ya kai linto kuɗi su ƙare, ya shekara goma yana haya ga kango na tsaye. Ki zaga bayan gari ki ƙirga kangaye.

Malam Nouhou: Assalamu alaikum. Duk kun yi magana mai kyau amma akwai abin da ba a taɓa ba, shi ne riba. Mutane da yawa a garin nan ko an buɗe masu ƙofar banki ba za su shiga ba saboda kuɗin ruwa, kuma suna da hujjarsu a addini, ba za ka ce ma mutum ya gina gidan da zai tarbiyyantar da ɗiyanshi da abin da zuciyarshi ba ta natsu da shi ba. Alhali akwai mafita, a sayi gidan ko kayan ginin a sayar maka da farashi sananne ka biya sannu a hankali, wato murabaha, ko ka zauna kana biyan haya har gidan ya zama naka. Muna da bankin Musulunci a ƙasar nan, ba baƙon abu ba ne. In gwamnati ce mai filin ma abin ya fi sauƙi, ta faɗi kuɗinshi ta raba shi wata-wata ba ƙari.

Souley kontabul: Allah shi gafarta Malam, murabaha ma fa akwai ribar mai sayarwa ciki, wani lokaci in ka haɗa jimilla ba ta fi ɗayan sauƙi ba.

Malam Nouhou: Na sani Souley, ban ce kyauta ba ce. Ciniki halal ne, kuma tun ranar farko ka san nawa za ka biya ba ya hauhawa. In ana son ta yi sauƙi nan ne gwamnati za ta sa hannunta ta ɗauke wani kaso.

Ɗan Jiratawa: Ni tambayata ɗaya, filayen nan da kuke ta rabawa a baki gonar wa za a yanka? Gari na ta cin gonakinmu ta kowane gefe, a zo a auna a ba mai gona 'yan filaye kaɗan a ce diyya ke nan, ya sayar ya ci, shekara biyu ba gona ba kuɗi ya koma ɗan ga-ruwa cikin birni yana neman ɗakin haya shi ma. In za a gyara ma ma'aikaci kada a ɓata ma manomi.

Malam Laouali: Wannan magana ce mai nauyi ɗan uwa kuma dole ta shiga lissafi. A biya diyya ta gaskiya kafin a dasa borno ko ɗaya, kuma a rage girman filayen, ba dole sai mai mita 400 ko 600 ba, ƙaramin ma'aikaci 200 ta ishe shi ya yi ɗaki uku da tsakar gida. Ga kuma filayen da anka raba tun shekaru cikin gari ba a gina ba masu su na jiran su yi tsada, a fara da su mana, ko ka gina ko a ɗora maka haraji mai zafi.

Baba Mamane mai ritaya: Waɗannan filayen ka san ko na su wa ne Laouali. Sai an samu mai ƙarfin hali.

Harouna kabu-kabu: Kuma kada a kai mu can nesa inda kuɗin zuwa gari zai cinye abin da anka rage na haya, a sa lakwal da ɗakin magani kusa

Hadiza ta likita: Ni har yanzu ina kan bakana, a yi kashi biyu. Mai son fili a ba shi fili, wanda ba ya da lokacin bin magini da sayen yashi kamar mu masu kwana a wajen aiki a gina mashi ƙarami a cire a albashi. Amma sunayen waɗanda sunka samu a liƙa su a bangon meri kowa ya gani, a yi ƙuri'a a bainar jama'a, wanda ke da gida kada ya shiga.

Maman Nafissa: Ƙuri'a a gaban mutane, wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Malam Laouali ku da ke da sandika ku ya kamata ku rubuta wannan a kai, mu namu ƙungiyoyin mata in an kira mu za mu zo.

Malam Laouali: In sha Allah zan kai maganar taronmu na gaba. Souley don Allah ka fidda mana lissafin a takarda, na mai jikka 42 da na ɗan kwantaragi da na mai samun yau da gobe irin su Harouna, Usta kai kuma ka ba mu kiyasin tushe da salanga da ɗaki biyu, na tubali daban na bulo daban.

Usta Chaibou magini: To Malam, bari in zaga kasuwa in ji kuɗin ƙarfe da kwano na satin nan tukuna, sai in turo nan.